Ranar Buɗe Rijiyarmu Mai Tafiya da Ƙafarta

Ranar Talatar nan da ta wuce, ni da mutum goma sha ɗaya na layinmu a Tudun Wada muka yi cirko-cirko gaban tankin ruwa tun ƙarfe tara na safe, kowa da kayansa na fita kunya. Na sa babbar rigata mai ruwan ƙasa, wadda ba ta ganin rana sai da Sallah ko ɗaurin aure. Maƙwabcina, dattijon da muke kira Da Pwajok, ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, da hular sanyi a ƙarƙashin malafa. Mata sun jera bokitai da jarkoki tun daga bakin famfo har kwanar mai ƙosai. Muna jiran Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya zo ya buɗe mana rijiyar burtsatsen da aka gama wata bakwai da suka wuce, aka danna wa famfonta kwaɗo.

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Baƙon da muka gani kaɗai wata akuya ce mai ƙaho ɗaya, ta zo ta shinshina kwaɗon, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kama gabanta. Ina cikin tunanin inda ta baro ɗaya ƙahon sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro ta, na nisanta ta da ido yadda rubutu zai fito, sai na ga ranar buɗe rijiya ta tashi daga Talata ta koma Alhamis. Babu wanda ya taɓa ta. Ita ta tashi da kanta, kamar kazar da rana ta cimma a inuwa.

Na karanta wa jama'a. Ngo Dina, matar Da Pwajok, ta ɗora bokitinta a ka ta juya gida. Mai ɗakina Maimunatu kuwa ta ce, "Malam, karo na huɗu ke nan kana sa mu wanka da ruwan da ba mu da shi."

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san unguwarmu ba ya fahimci abin da ya sa tsoho kamata ya zama mai shelar ƙarya.

Gidajenmu a kan tudu suke, bisa dutse. Idan rani ya yi nisa rijiyoyin gida sai su ƙafe, mata su gangara can ƙasa wajen wani famfo da ke kawo ruwa ranar da ya ga dama, su hawo da jarka a ka. Maimunatu ta ba sittin baya, gwiwarta ta hagu ta kumbura kamar an cusa mata gwanda. Ni kaina nakan karɓi jarka ɗaya in hau da ita, amma ina isowa rabi ya ƙare a rigata. Don haka ranar da muka ga mota mai haƙa ta hawo layinmu, har guɗa aka yi. Aka haƙa, aka samu ruwa, aka ɗora tanki, aka shafa masa fenti mai sheƙi. Sai wasu masu takalma masu tsini suka zo suka sa kwaɗo, suka kafa allo mai cewa duk wanda ya taɓa shi kafin a ƙaddamar da aikin zai gamu da fushin hukuma. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Da rana, idan ka kara kunnenka a jikin tankin, kana jin ruwan yana motsi a ciki kamar mai neman hira. Na sha zuwa in saurare shi.

Masu aikin suna kiran kansu Kwamitin Jiƙa Maƙoshin Al'umma, Allah ya ƙara musu yawan zama. Mutane ne masu tafiya da zamani. Suka ce bikin buɗe rijiya kyauta ne, amma ba mai halarta sai da tikiti, kuma tikitin a intanet ake yankarsa, a wani shafi da ake sayar da tikitin wasanni da tarurruka. Ni a aji huɗu na bar makaranta, lokacin da mahaifina ya ce haƙar kuza ta fi biro saurin kawo tuwo, don haka karatuna na a-hankali ne. Na ɗauki wayar da 'yata ta aiko mini, na hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Terminus wurin Livinus mai gyaran waya, mutumin da gashin kansa ya yi fari a cikin wayoyin mutane.

Livinus ya yankar mini tikitin cikin minti biyu. Ya nuna mini wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige baƙi da fari, kamar tururuwa sun yi taron gaggawa, ya ce shi ne tikitina. Sannan ya dube ni ya ce tunda ni tsoho ne zan iya mantawa da rana, bari ya ɗaura shafin tikitin da kalandar wayata. Na tambaye shi da wace igiya. Ya yi dariya har sukudireba ta faɗi.

Ya ce, "Baba, babu igiya. Idan oga ya canza rana a can, kalanda naka zai canza a nan. Kai ba za ka taɓa komai ba. Zai yi maka ƙara kwana ɗaya kafin, zai sake yi awa ɗaya kafin."

Wannan abu ya burge ni ƙwarai. Duk hanyar komawa gida ina ta tunanin yadda wani zai ɗaga biro a ofis mai sanyi, rana ta motsa a aljihuna ina cikin keke. Na ce lallai karen bana shi ke maganin zomon bana. Da na iso na ba maƙwabta labari, tun daga ranar na zama mai faɗin lokaci a layinmu. Mai wucewa zai leƙo zaure ya ce, Malam Datti, me waya ta ce? Ni kuma in gyara zama in duba in faɗa, ina jin kaina kamar mai ganin wata.

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wanda ya yi wannan magana bai ga kalandata ba. A cikinta rana ce ke guduwa, uwar ɗiya kuwa ko gezau.

Karon farko an ɗaga ne saboda Mai Girma ya tafi gaisuwar mutuwa. Wannan ba mai ja, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu, ko wane ne shi. Karo na biyu aka ce almakashin yanka ƙyallen yana wani gari ana buɗe kwalbati da shi. Ban san almakashi ɗaya gare su ba sai ranar, na kuwa yaba da wannan tattali. Karo na uku motocin rakiya goma sha huɗu ne suka maƙale a layin mai, kuma kowa ya san babban mutum ba ya fita da mota goma sha uku. Kowane karo, ana gobe biki, babbar mota takan kawo rumfuna da kujeru da amsa-kuwwa, a kakkafa, kujeru su wuni suna kallon juna, washegari a zo a kwashe. Na taɓa tambayar mai rumfunan ko bai gaji ba. Ya ce shi fa addu'arsa kullum Allah ya ƙara wa Mai Girma uzuri.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a kalandar nan shi ne ba ta barin sawu. A da, idan an yi maka alkawari, sai ka zagaye ranar da biro a kalandar bango, irin wadda masu sayar da taki ke rabawa. Idan ranar ta wuce ba a cika ba, zagayen yana nan yana harararka, kai ma kana hararar wanda ya yi alkawarin. Ta waya kuwa, da an ɗaga rana sai tsohuwar ta goge kanta tas, kamar ba a taɓa yin ta ba. Ka duba baya, fili fetal. Ka duba gaba, ga alkawari sabo fil yana murmushi. A kalandata Kwamiti bai taɓa saɓa alkawari ko sau ɗaya ba. Na kan zauna in yi ta tunanin inda waɗancan ranaku suke tafiya. Wataƙila akwai wani ɗakin ajiya a Rayfield, unguwar manya, da aka jibge su, Talata kan Laraba, suna jiran a yi gwanjonsu.

Da Pwajok, wanda muka yi haƙar kuza tare tun muna da haƙora, ya ce shi abin da ya gani daban ne. Ya ce a zamaninmu mai ƙarya sai ya tako da ƙafarsa ya tsaya gabanka, ka ga idonsa yana rawa. Yanzu kuwa an sauƙaƙa masa, ƙaryar ce ke zuwa da kanta ta shige aljihunka, har da kiɗa. Na ce masa ci gaba ke nan. Ya ce to ya ji, amma in daina kiransa ya sa kwat.

Akwai kuma wani abu da Livinus bai gaya mini ba. Ashe da ya ɗaura ni da shafin, duk wani taron da Kwamiti ya sa sai ya faɗo cikin kalandata, ba na rijiya kaɗai ba. Sai ga Taron Nazarin Dalilan Ɗaga Taro. Sai ga Liyafar Karrama Ƙaramin Kwamitin Rumfuna. Sai ga Ranar Wanke Hannu, ga mu ba ruwan. Ni kuwa yadda aka tarbiyyantar da ni, wanda ya gayyace ka ya girmama ka, amsa gayyata hakki ne. Na je biyu daga ciki. Waɗannan ba a taɓa ɗaga su ba, ko da minti ɗaya. A na biyun an raba ruwan roba, na ɓoye nawa a aljihu na kawo wa Maimunatu. Ta juya gorar a hannu ta ce ashe dai Kwamiti ya fara aiki.

To, mu dawo ga Alhamis.

Ƙarfe tara na safe wayata ta yi ƙarar awa ɗaya kafin biki. Na leƙa wajen tanki, babu rumfa, babu kujera. Na duba kalanda da kyau sai na ga wannan karon rana tana nan daram, wuri ne ya tashi. An mayar da bikin buɗe rijiyar Tudun Wada wani babban ɗakin taro na otal a Rayfield. Na goge ido na sake karantawa. Haka ne.

Na bi gida-gida ina faɗa. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ngo Dina tana tankaɗen acca ta ce in gaishe da rijiyar idan na same ta a can. Maimunatu ta riga ta ɗaura ɗankwali a gwiwa za ta gangara ɗiban ruwa, ta ce in na ga dama in bi waya har Bauchi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na zura babbar riga na fita ni kaɗai.

Keken da na hau bai yi nisa ba direban ya ce mai ya kusa ƙarewa, ya shiga layi da ni a ciki. Na yi kusan rabin awa ina kallon wani mutum yana tura motarsa taku ɗaya, ya huta, ya sake taku ɗaya, kamar mai koya wa jariri tafiya. Na sauka na nemi wani keken. Na isa sha ɗaya saura, ina fargabar na makara, ashe Mai Girma ma bai fito wanka ba.

A ƙofar ɗakin taron akwai wani mutum mai ƙaton abin sauraren waya a kunne kamar rawani, an rataya masa suna a ƙirji, Fabian, yana riƙe da na'urar duba tikiti. Manyan mutane da 'yan rakiyarsu suna ta wucewa ta gabansa, ba mai ko kallonsa, don babban mutum fuskarsa ce tikitinsa. Na matsa na miƙa masa wayata da tururuwan nan a jiki. Ya haska, na'urar ta yi ƙit. Ya dube ta, ya dube ni, kamar wanda ya jefa ƙugiya a kududdufin kuza ya ciro kifi. Ya ce tun safe yake tsaye, ni ne mutum na farko da ya zo da tikiti. Ya kama hannuna bai sake ni ba sai a kujerar gaba.

Jama'a, gani ya kori ji. A kan dandamali an kafa hoton rijiyarmu, ya fi ita kanta girma da kyau, an ma share kwaɗon daga jikinsa. An ɗaura jan ƙyalle daga wannan gefen hoton zuwa wancan. Na tambayi na kusa da ni dalilin da ya sa ba a yi a unguwa ba. Ya raɗa mini cewa an gwada hanyarmu jiya, motar Mai Girma ba za ta iya hawa tudun ba, kuma bai dace a wahalar da al'umma da jira ba. Na ce wannan tausayi ya yi yawa.

Aka yi jawabai bakwai. Uban Alkawura na Ƙasa ya ce daga yau ƙishirwa ta zama tarihi. Jagoran Masu Tafi ya ce jikokinmu za su riƙa tambaya mece ce jarka. Sannan Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya miƙe, aka miƙo masa almakashin nan da na daɗe ina son gani, ya yanka, aka yi tafi. Ina lura da hoton ko zai ɗiga, bai ɗiga ba.

Sai mai gabatarwa ya ce yanzu za a miƙa makulli ga wakilin al'ummar da ta amfana. Aka yi ta waige-waige. Ashe a duk shirin da aka yi ba wanda ya tuna da kawo al'umma. Fabian ya ɗaga hannu daga baya ya nuna ni, ya ce ga wanda na'ura ta tabbatar. Kafin in ankara an hau da ni dandamali, an ɗora mini wani makulli na kwali a hannu biyu, tsawonsa ya kai ƙirjina, an naɗe shi da takarda mai ruwan zinariya. Masu hoto suka yi ta walƙiya. Mai Girma ya dafa kafaɗata, hannunsa laushi kamar burodin safe.

Na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, na gode. To ina ƙaramin?"

Ya ce, "Wane ƙarami, Baba?"

Na ce, "Wanda ke shiga cikin kwaɗon."

Ya juya ya dubi na damansa, na dama ya dubi na bayansa, kallo ya yi ta gangarawa har ya ƙare a kan wani mai riƙe da jaka, wanda ya ce makullin yana hannun sakatare, sakatare kuwa ya tafi taron ƙara wa juna sani kan samar da ruwa, sai nan da mako uku. Ya ce kada in damu, za a shirya Bikin Miƙa Ainihin Makulli, in dai sa ido a kalandata.

Haka na fito da makullin kwali a kafaɗa. A keke sai da muka kwantar da shi a cinya ni da wata mata mai kwandon tumatir, kansa ya leƙa ta dama, gindinsa ta hagu, masu mota suna ta yi mana hon. Ni dai ba kallonsu ne ya dame ni ba. Abin da zan gaya wa Maimunatu nake ta juyawa a raina.

Da na hawo layinmu na tarar labari ya riga ni. Wani ya ji a rediyo cewa an buɗe rijiyar Tudun Wada, mata sun sake jera bokitai. Maimunatu na zaune a kan jarkarta ta miƙe ƙafar hagu, ko gangarawar ma ba ta iya yi ba, gwiwar ta hana. Ta dubi abin da ke kafaɗata, ta dube ni. Sai na faɗi gaskiya yadda take, har da sakatare da mako uku. Ba wanda ya yi dariya. Na gwammace a yi.

Da Pwajok ne ya matso, ya zagaya makullin yana shafa haɓa. Ya tsaya gaban allon gargaɗi ya karanta shi da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda yake karatu a coci.

Ya ce, "Datti, allon nan ya ce kafin a ƙaddamar. An ƙaddamar ko ba a ƙaddamar ba?"

Na ce an ƙaddamar, da idona na gani.

"Wa aka ba makulli a madadin al'umma?"

Na ce ni ne, har da hoto.

"To me kake jira? Sa makulli a kwaɗo."

Na ce masa ai ba zai shiga ba. Ya ce shi bai ce in shigar ba, cewa ya yi in sa, sabon makulli yakan yi tauri, sai an ɗan taimaka masa. Ya shiga gida ya fito da tsohuwar gudumarsa ta fasa dutse. Na kara bakin makullin kwali a jikin kwaɗon da dukkan girmamawa, na yi bisimilla, shi kuma ya ce da sunan Ubangiji, ya taimaka masa sau biyu.

Famfon ya yi tari kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya tofar da iska, ya kawo wani jan ruwa mai tsatsa, sannan ya saki fari tas. Ngo Dina ta janye bokitinta daga gaba ta jawo jarkar Maimunatu ta tara. Maimunatu ta tari ruwan da tafin hannu ta sha, ta shafa sauran a gwiwa. Daga nan zuwa ƙofar gidanmu taku arba'in ne, ba tudu. Ni na ɗauki jarkar, kuma ko kofi ɗaya bai zube ba.

Saboda haka, ya ku masu karatu, idan wani mai takalmi mai tsini ya tare ku yana tambayar yadda aka yi rijiyar Tudun Wada ta buɗe, ku gaya masa makullin da Mai Girma ya bayar da hannunsa mai albarka ne ya yi aiki. Mutum ya sha wahalar zuwa har otal saboda mu, bai kamata mu bar guduma ta kwashe ladan ba.